Fentin Dakta

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Kin ce ta fara taka ƙafar da sanda, to Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaishe ta, ki ce mata surukinta ya ce ta daina yi wa likita gardama. 'Yan biyu sun kira ni daga makaranta ranar Juma'a, lafiyarsu lau, sai ƙorafin da suka saba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da kuka yi waya da shi jiya. Sau uku ina ɗauko wata magana a wayar, sai in tsinci kaina ina tambayar ki ko an gyara famfon gidan Inna. Bakina ya ƙi, shi ya sa na ce bari in gwada hannu.

Kin tuna ƙaramin jirgin ruwan nan mai jan manyan jirage zuwa tasha, wanda na fesa wa sabon fenti wata takwas da suka wuce? Ranar Talata aka shigo da shi ramin gyara, aka rufe ƙofa, aka fara zuƙe ruwan. Kowa ya ajiye aikinsa ya zo bakin ramin, har masu walda da matar da ke dafa mana abinci. Ke kin san abin da muka saba gani idan ruwa ya janye. Gansakuka ta yi wa jirgi gemu, ga ƙananan halittun nan masu ɓawo da muke ce wa ƙuraje sun manne kamar siminti, sai an sa makankari da ƙarfin tsiya. Su ne ke sa jirgi nauyi, ya riƙa shan mai ba ji ba gani. Tsohon fentinmu gubar tagulla yake saki a hankali ya kashe su, amma ba su kaɗai yake kashewa ba. Kin sha ganin kifayen da ke tasowa ciki a sama a bayan ramin duk ranar da muka yi wanki, kin kuma san tarin da nake yi.

Fentin Dakta babu guba a cikinsa. Kin sha jin labarinsa a bakina, yawanci ina yi masa dariya. Dangin roba ne, idan ya bushe sai ya yi sulɓi kamar bayan kifi, abin da ya zo mannewa ya rasa wurin kamawa. Wanda ya daure ya kama kuma, da jirgi ya ɗan yi gudu ruwa zai ɗauke shi. Shekara shida Dakta, yarinyar nan mai bincike, tana kansa, kuma wannan ne karon farko da aka yarda ta gwada shi a jikin jirgi na gaske.

Maman 'Yan Biyu, ruwa ya janye, jirgi ya fito tas. Babu gemu, babu ƙurji ko ɗaya, sai ɗan yauƙi kaɗan. Dakta ta sauko tsani da takalmin roba da ya yi mata yawa, ta shafa tafin hannunta a jikin jirgin, yauƙin ya biyo hannun. Ta ƙara shafawa can, ta ƙara can. Sai ta nemi wani katako ta zauna ta rufe fuska, ba mu san ko dariya take ko kuka ba.

Manaja ya yi jawabi, an kawo lemo. Da aka ce ta yi magana, sai ta ce fenti kowane iri ne ba ya fin hannun da ya fesa shi, kuma wannan hannun Baba ne. Ni ke nan. Tun ranar da ta zo haka take kira na. Aka yi ta tafi, masu walda suna dukan ƙarfe, ni kuwa na riƙe kwalbar lemo har ta yi ɗumi ban kurɓa ba.

Kafin a tashi ta ɗauko wasu ƙananan kwalabe, ta kankaro fentin kaɗan-kaɗan daga gefen dama da gefen hagu ta zuba. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce ƙa'ida ce kawai, za a aika wani ɗakin gwaje-gwaje na waje su tabbatar babu guba.

Zan tsaya nan. Sauran sai na samu ƙarfin hali. Kada ki damu, lafiyata ƙalau, ina cin abinci.

Mijinki,
Mai Ja

*

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen gidan. Na ji kin ce wasiƙata ta hana ki sukuni, kin kuma tambaya ko korata aka yi. Ba a kore ni ba. Da korar ce da ta fi mini sauƙin faɗi.

Sakamakon gwajin ya dawo. An samu tagulla a cikin fentin, a kwalaben dama da na hagu duka.

Ni na zuba ta. Na rubuta, na ajiye biro, na zagaya ɗakin, na dawo na tarar da maganar tana nan yadda na bar ta. Bari in ba ki labarin yadda aka yi, don kada in rage wa kaina komai.

Ranar feshin bokiti uku aka kawo na shafen ƙarshe. Dakta tana tsaye a kaina tun safe da ɗan abin awon kaurin fenti a hannunta. Wajen ƙarfe goma aka kira ta ofis kan wasu takardu. Ta juyo ta ce, "Baba, ko ɗigon wani abu kada ya shiga ciki. Na bar maka." Na ce ta je abinta, babu komai.

A sito akwai rabin gwangwanin jan garin nan da muke ƙara wa tsohon fenti idan jirgi zai daɗe a ruwa mai ɗumi. Tun bara aka ce a mayar da shi, ni ne na ture shi bayan durom na yi shiru. Na ɗauko shi. Na zuba ludayi biyu a bokiti na farko, biyu a na biyu, na kunna injin gauraya. Launinsu kusan ɗaya ne, ido ba zai gane ba. Na ukun ban samu zubawa ba, garin ya kusa ƙarewa, kuma na jiyo takun takalminta a tsani. Da ta iso har ta tambaye ni ko na gaji, ta miƙo mini ruwa.

Wata takwas ina gaya wa kaina taimakon ta na yi. Wai yarinya ce, ba ta san teku ba, in jirgin ya dawo da gemu za a yi mata dariya. Ƙarya nake yi wa kaina. Shekara ashirin da shida ina riƙe da bindigar feshi, babu jirgin da na fesa ya dawo da gemu kafin lokacinsa. Ban so a fara daga wannan ba, a ce hannun Mai Ja ya mutu. Ban kuma yarda cewa sulɓi kawai zai yi abin da guba ke yi ba. Ta yi mini bayani ya fi sau goma, ina gyaɗa kai, a raina ina cewa karatu daban, ruwa daban.

Ranar Litinin mutanen da ke ɗaukar nauyin bincikenta suka zo, su uku. Aka zauna a ɗakin cin abinci, aka haɗa tebura biyu, aka kira duk wanda ya taɓa aikin. Babbansu ya ajiye takardar a gabanta ya tambaye ta yadda tagulla ta shiga fentin da ta rantse babu tagulla a cikinsa. Ta karanta takardar sau biyu, ta ce ba ta sani ba. Ya tambayi wane ne kuma ya taɓa bokitan bayan ita. Manaja ya nuna ni. Kafin in buɗe baki ta riga ni. Ta ce, "Baba ba zai yi haka ba, ku bar shi. In kuskure ne, daga ɗakina ya fito."

Duk da haka mutumin ya juyo ya tambaye ni ko na ga wani abu. Ƙofa ce aka buɗe mini har bango. Na ce yadda aka ba ni haka na fesa.

An dakatar da ita. An sa wa ɗakin gwajinta kwaɗo, an ce sai an gama bincike. Taron da za ta je ta gabatar da aikin a wata mai zuwa, an cire sunanta. Magana ta bazu a ma'aikata cewa ta sa guba a ɓoye don ta yi suna. Shekaranjiya muna cin abinci wani mai walda ya ce ashe sulɓin ba a fentin yake ba, a bakin Dakta yake. Aka kwashe da dariya. Ya dube ni yana jiran in taya shi, ni kuma na yi murmushi. Wannan murmushin ya fi ludayi huɗun nan damuna.

Ban san me nake so ki ce ba. Ke kaɗai kika sani, bayan Allah. Kada ki faɗa wa Inna, kada kuma 'yan biyu su ji.

Mijinki,
Mai Ja

*

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata Inna tana samun sauƙi, ke kuma ciwon bayan nan ya lafa.

Amsarki ta iso. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin kin taƙaita magana haka ba. Kin ce ba ke ya kamata in rubuta wa ba. Kin kuma ce in zauna in yi tunanin ɗaya daga cikin 'yan biyu ta gama karatu, ta samu aiki, ta samu wani dattijo tana ce masa Baba. Daga nan kika sa hannu, ko a gaishe ni babu. Na ji haushinki kwana ɗaya. A kwana na biyu na tashi na tafi.

Ban san gidanta ba. Amma na san an ce ta kwashe kayanta daga ƙarshen gadar da jirage ke tsayawa, inda ta rataye wasu faranta na ƙarfe a cikin ruwa, kowane da irin fentin da ta shafa masa. Can na same ta da hantsi, ita kaɗai, tana jawo igiyoyin ɗaya bayan ɗaya tana jera farantan a ƙasa. Ta rame. Da ta gan ni sai ta yi murmushi ta ce in zo in ga wani abu, ta nuna mini wani faranti da ya shekara biyu a ruwa bai kama komai ba. Ta ce abin da ke hana ta barci ke nan, ga shi fentin yana aiki, to daga ina tagullar ta fito? Har ta fara zargin ko wani gwangwani ne ba ta wanke da kyau ba.

Na ce mata ba gwangwaninta ba ne. Na faɗa mata komai, tsaye, hulata a hannu. Na fara da cewa na so in taimaka ne, sai na ji muryarki a kunnena, na janye na faɗi na gaskiyar.

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta ci gaba da naɗe igiyar da ke hannunta har ta kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Ranar da aka tambaye ka a ɗakin cin abinci, ka ji abin da na ce a kanka?"

Na ce na ji.

Ta ce, "To."

Ni dai ina kallon tsagar katakon gadar, da ma ta buɗe in faɗa ruwa. Can ta ce mahaifiyarta ta kwana biyu ba ta fita unguwa saboda maganar ta kai can. Ta ce wannan ba don in ji tausayi ta faɗa ba, don in san iyakar inda ludayina ya kai ne.

Sai kuma ta tsaya cak, ta ce in maimaita, bokiti nawa na ce? Na ce biyu. Ta ce na ukun fa? Na ce ban zuba ba. Ta tambayi ina na fesa shi. Na ce bayan jirgin, daga inda ciki ya fara tsukewa har zuwa farfela, dama da hagu. Ta ce na tabbata? Na ce ko an rufe mini ido zan ja mata layin da alli. Wurin nan kuwa, Maman 'Yan Biyu, shi ne inda ƙuraje suka fi so a kowane jirgi, kuma ranar Talatar nan shi ma tas ya fito kamar sauran. Ita ba ta kankari komai daga can ba. Wato fentinta ya yi aikinsa shi kaɗai a wuri mafi wuya. Gubar da na zuba ba ta ƙara mata komai ba, shaidarta kawai ta ɓata.

Ta ɗauki jakarta ta ce, "Malam, mu je wurin Manaja." Malam ta ce. Na bi ta a baya.

A ofis na sake faɗi daga farko. Manaja ya cire tabarau ya ce shi da ya ɗauke ni aiki ina saurayi bai san ma me zai ce ba. Ya kira mutanen nan uku a waya, na sake faɗi a karo na uku. Ya sa na rubuta, na sa hannu, na kai shi sito na ciro gwangwanin daga bayan durom. Allah ya taimaka jirgin bai bar ramin ba, ana canza masa farfela. Da la'asar aka ba ni alli na ja layin a gaban kowa, wani daga ɗakin gwaje-gwajen waje ya zo ya kankara da hannunsa, gaba da layin da kuma bayansa. Masu walda suna sama suna kallo.

Yanzu jira muke. An ce in zauna a gida har sakamako ya fito. Na wanke labulayen falo, na gyara ƙofar bayi da kika shekara kina yi mini magana a kanta. Ki yi mini addu'a, ko da kina fushi.

Mijinki,
Mai Ja

*

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Na yi murna da jin Inna ta ajiye sanda, Allah ya ƙara mata ƙarfi. Na gode da gaisuwar da kika sa a ƙarshen wasiƙarki, na lura da ita.

Sakamako ya fito. Gaba da layin akwai tagulla, bayansa babu ko kaɗan. An cire kwaɗon daga ɗakin Dakta, an manna takarda a allon sanarwa cewa ba ta da laifi. Amma kada ki ɗauka komai ya koma daidai. Mutanen sun ce bayan jirgi kaɗai ba zai isa shaida ba, tunda gubar gaba tana iya biyo ruwa ta wanke bayan. Sai an sake gwaji daga farko a wani jirgin, wata takwas kuma. Taron ya wuce babu ita. Wani kamfanin jirage da ya yi niyyar fesa wa jiragensa huɗu fentinta ya ce ba zai iya jira ba, an riga an fesa musu tsohon. Da idona na ga durom-durom ɗin suna shigowa. Shekarun da za su yi suna zuba guba a ruwa, ina da kaso a ciki.

Ni kuma ba a kore ni ba, Manaja ya ce saboda na kawo kaina. An karɓe bindigar feshi da makullin sito, an mayar da ni wanki da kankara a ƙasan rami, aikin da na fara da shi. Waɗanda na koya wa aiki yanzu su ke cewa in matsa. Ba sa wulaƙanta ni, kauda kai suke yi, ni ma in kauda nawa. Mai waldan nan ya zo ya ce in yafe masa dariyar da ya yi. Na ce ba ni zai roƙa ba, na nuna masa ɗakinta.

Jiya aka fesa wa jirgin gwaji na biyu. Wanda ke bi mini a aiki shi ya riƙe bindigar. Dakta ta kifa bokiti ta zauna a gefen injin gauraya tun safe. Ita ta buɗe kowane gwangwani, ita ta rufe. An kira ta ofis sau biyu ta ce su jira. Abincinta ma a nan ta ci, idonta a kan bokitan. Yarinyar da a da za ta bar maka aikin shekara shida ta tafi ba ta waiwaya ba. Ina ƙasa da tiyo a hannu ina kallon ta, na san wanda ya koya mata wannan zaman.

Wajen azahar mai feshin ya iso inda cikin jirgin ke lanƙwasa. Daga inda nake na ga hannunsa yana jinkiri, fentin yana yin kauri, in aka bar shi zai zubo ya yi tudu, kuma a tudun nan ƙuraje ke samun wurin kamawa. Na daɗe ina shawara da kaina, don ban san ko ina da bakin magana a wurin ba. Daga ƙarshe na ajiye tiyon na matsa na ce, "Dakta, wajen lanƙwasar nan ya yi kauri."

Ta dube ni, ta dubi wurin. Ta tashi ta kira Manaja ya tsaya a kan bokitan, ta hau da abin awonta, ta auna wuri uku. Sannan ta ce wa mai feshin ya ƙara sauri, ya ɗan ja baya. Da ta sauko ta wuce ta gabana ta ce, "Haka ne, ya yi kauri." Ta koma ta zauna. Ni ma na koma wankina. Sai da ta auna kafin ta yarda da maganata, kuma daidai ta yi.

Maganar 'yan biyu. Na ce kada su ji, yanzu na janye. Hutunsu ya kusa, kuma gara su ji daga bakina da su tsinta a waje. Ƙaramar ce ta fi damuna, ita da take gaya wa ƙawayenta babanta yana cikin waɗanda za su tsabtace teku. Ba na so ki faɗa musu, ba na kuma so ki sassauta mini idan na fara kwana-kwana. Ki dai zauna a ɗakin. Idan jikin Inna ya yarda, ki taho kafin su iso. Ki faɗa mini ranar, zan zo tasha in ɗauko ki.

Ki gaida Inna da duk mutanen gida.

Mijinki,
Mai Ja